Daga Wanzami Zuwa Asibitin Kuɗi: Waiwaye a Kan Neman Magani a Kano

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne ciwon haƙori da ya hana ni barci kwana uku a wata damina. Na yi sammako zuwa wani asibitin gwamnati, na yanki kati, na zauna a benci har azahar, sannan aka ce injin ya lalace, in dawo bayan mako biyu. Da yamma wani ɗalibina ya kai ni asibitin kuɗi, kafin magariba an gama, amma abin da na biya ya kusa cinye rabin albashina. A hanyar gida na riƙa tambayar kaina yaushe aka fara haka, domin ba haka muka taso muka tarar ba.

Kafin zuwan Turawa a shekara ta 1903, duk mai ba da magani a ƙasar Hausa zaman kansa yake yi. Akwai wanzami mai ƙaho da kaciya da cire beli, akwai maɗori, da ungozoma, da masu saiwoyi, da malami mai rubutun sha. Haƙori kuwa aikin wanzami ne, idan kanumfari da jar kanwa sun gaza sai a kira shi da ɗan awartakinsa. Abin lura a nan shi ne yadda ake biya. Ba a yin ciniki tun da fari, sai an ga sauƙi a ba da tukuici gwargwadon hali, wani kaza, wani damin gero da kaka. Kowane gida yana da wanzaminsa na gado, saboda haka kunya ba ta barinsa ya ƙi zuwa don ba a da kuɗi. Ba ina cewa aikin ba shi da haɗari ba ne, dattawa sun san yaran da jini ya ƙi tsaya musu.

Asibitin zamani ya shigo ne ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta En'e, wadda ta gina Asibitin Birni a ƙarshen shekarun 1920, wanda aka sa wa sunan marigayi Janar Murtala Muhammad bayan rasuwarsa a 1976. Haka kuma aka baza ɗakunan sha-ka-tafi a gundumomi. Jama'a sukan ce a wancan lokaci magani kyauta ne, amma a nawa ganin ba kyauta ba ne, domin daga baitulmali ake saye, shi kuwa baitulmali haraji da jangali ne suke cika shi. Wato talaka ya riga ya biya tun da kaka, sai dai ba a ranar da ciwo ya kayar da shi ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ƙofa ta biyu ita ce ta 'yan mishan, waɗanda suka buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda har gobe mutane suke zuwa masa daga nesa. Asibitin Ƙashi na Dala ya biyo baya a 1959.

Matsalar wancan zamani ma ba kuɗi ba ce, tsoro ne. Sai an yi lallashi, wani lokaci har da sa bakin mai unguwa, kafin a kai mara lafiya.

Al'amura sun fara juyawa ne a farkon shekarun 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya ja baya. Har a jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 sai da aka ambaci cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada, sai likita ya koma rubuta takarda, mai jinya ya tsallaka titi zuwa kemis. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin sayar da magani a asibiti a riƙa juya kuɗin. A cikin waɗannan shekaru ne asibitocin kuɗi suka yawaita a unguwanni, kuma sau da yawa likitan da ka kasa gani da safe a na gwamnati, shi ne zai tarbe ka da yamma a nasa.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka na kuɗi ya fi ta kowace fuska. Ya fi saurin kulawa da tsabtar ɗaki, amma idan ciwo ya yi tsanani, akasarinsu turo mutum suke yi zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, domin can ƙwararru suke.

Haƙori shi ne marayan wannan tarihi. Makarantar farko ta likitocin haƙori a Nijeriya an buɗe ta ne a Jami'ar Legas a 1966, waɗanda suka biyo ta kuma duk a Kudu suke, Arewa ba ta sami tata ba sai bayan shekara ta 2000. Shi ya sa mutanenmu suka daɗe suna ganin asibitin haƙori wurin cirewa ne kurum. Cirewa ta fi cikewa araha, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi yakan zaɓi giɓi. Abin dariya, aikin haƙori guda da Bahaushe ya daɗe yana biya da farin ciki shi ne haƙorin Makka, wanda ba ciwo ne ya sa ake yin sa ba.

Gwamnati ta yi yunƙurin maido da tsarin biya kafin ciwo. An ƙaddamar da inshorar lafiya ta ƙasa a 2005, Jihar Kano ta yi dokar tata ta taimakekeniya a 2016, sannan dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa. Mu malaman makaranta ana cirar wani abu daga albashinmu, kuma mun ga amfaninsa. Amma manomi da ɗan tireda ba su da albashin da za a cira, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun masu jinya yake fitowa. Maƙwabcina mai sayar da itace, da nasa haƙorin ya tashi bara, wanzamin gidansu ya aika wa.