Ƙarfen Jamus a Kuben Sakkwato

A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya zauna a Kano yana lissafin kayan da ke shiga kasuwar birnin da waɗanda ke fita. Cikin lissafin nasa akwai ruwan takobi. Ya ƙiyasta cewa kimanin dubu 50 ake shigowa da su duk shekara, kowane ɗaya a kan wuri dubu, ya kuma ce kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne, wani garin maƙera a ƙasarsu ta Jamus. Daga Kano suke bazuwa: Abzinawa su saya, Hausawa da Fulani su saya, Nufawa da Barebari su ma su ɗiba. Ko da mun ce Abdulkarim ya yi ƙari, muka raba adadin nan biyu, shekara goma kaɗai ta isa ta zuba takubba dubu 250 a ƙasashen nan. To, ina suke yau? Kuma wa ya rage da ya san yadda ake riƙe su?

Mu fara da shi kansa takobin. Wanda kakanninmu suka fi ratayawa miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, tsawonsa ya kusa mita ɗaya. A tsakiyar ruwansa akan sami kwarmi ɗaya ko uku da aka ja a tsaye don rage nauyi, bakinsa kuma a kewaye yake, ba shi da tsini sosai, abin da ke nuna an yi shi ne don sara fiye da suka. Ruwan kaɗai ke ƙetaro Sahara. Tun kafin Barth, Baturen Ingila Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa akan kawo irin waɗannan ta Bangazi, su bi hamada zuwa Barno, sannan a ƙarasa haɗa su a Kano. Sauran aikin duk namu ne. Maƙeri ya yi mariƙi da ƙarfen gicciye mai tare hannu, baduku ya ɗinka kube da jar fata, a kitsa hamila a rataya a kafaɗa. A birnin Sakkwato unguwar Maƙera Assada ta yi suna wajen ƙirar makamai tun zamanin jihadi.

Maƙeranmu ba su tsaya a kan na shigowa ba, sun ƙera nasu ruwan daga tamar da aka narka a gida. Da yake mai saye yakan duba tambarin maƙeran Turai kafin ya biya, sai na gida suka koyi buga irinsa. Shi ya sa za ka ga takobi da hoton kyarkeci a guje, tambarin da ya samo asali daga garin Passau kafin maƙeran Solingen su ɗauke shi, ko jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum, alhali a nan aka ƙera shi. Harshenmu ma ya riƙe bambance-bambancen: da kansakali, da bisalami mai lanƙwasa, da dunhu wanda babu zane a jikinsa. Mutanen da suka raɗa wa abu sunaye haka ba baƙinsa ba ne.

Gabashin Sakkwato na cikin wuraren da takubban nan suka fi shan aiki. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 yaƙi bai ƙare ba. Gobirawa sun sake haɗa ƙarfi, Katsinawan da suka bar birninsu sun kafu a Maraɗi, Abzinawa kuma wani lokaci suna nan, wani lokaci suna can. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da martani da kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka inda mutane za su yi noma da karatu suna tsaron ƙasa. Wurno ce babbarsu. Shi da kansa ya koma can da zama, ya jagoranci yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa na can. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya riƙa, kuma a zamaninsa ne Barth ya sauka garin a 1853. Daga Wurno zuwa Rabah, daga Goronyo da Kagara har ƙasar Gobir, wannan yanki ya yi shekaru masu yawa yana kwana da shirin hari. Wani abin lura shi ne, takobin da ke hannun barden Wurno da wanda ke hannun barden Tsibiri duk kasuwa ɗaya suka fito. Jikokin ɓangarorin biyu mu ne, muna cin kasuwa ɗaya, muna auren juna.

Kada mu ɗauka takobi ne ya ci kowane yaƙi. A Tabkin Kwatto, ranar 21 ga Yuni 1804, jama'ar Shehu Usmanu a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kimanin ashirin, amma suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa masu lifidi. Kibiya ce makamin talaka, mashi ne farkon abin da mahayi ke kai hari da shi. Sai an cakuɗe, mashi ya karye ko ya maƙale, sannan a zare takobi. Don haka saninsa ba ya rabuwa da sanin doki, da garkuwa, da yadda za a sami kafa a jikin mai sulke da kwalkwali, kayan da Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da su. Ilimi ne cikakke, yaro yakan ɗauke shi wurin ubansa ko ubangidansa, da ido da jiki.

Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya, wannan ilimi ya gamu da bindiga mai ruwan harsashi. A Burmi, ranar 27 ga Yuli na shekarar, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗimbin mutanensa. Daga nan takobi ya koma kayan ado: na hawan salla, na naɗin sarauta, na tarbar manyan baƙi kamar hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Sarautun yaƙi sun ci gaba, amma aikinsu ya sauya. Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, an naɗa shi Sardauna a 1938, sarautar da asalinta ta fagen fama ce, shi kuwa da alƙalami da majalisa ya yi nasa yaƙin.

A Turai ma an yi irin wannan rabuwa, sai dai tun da wuri, domin bindiga ta riga ta kore dogon takobi a can da ɗaruruwan shekaru. Bambancin shi ne malamansu na takobi sun bar littattafai. Mafi tsufa da ya rage an rubuta shi a Jamus wajen shekarar 1300, yana gidan adana makamai na birnin Leeds a Ingila, ana kiransa da lambarsa, I.33. A ciki an zana wani malamin coci yana koya wa ɗalibinsa faɗa da takobi da ƙaramar garkuwa, har da wata mace cikin masu koyon. Bayansa akwai koyarwar Johannes Liechtenauer da almajiransa suka yi ta sharhi a kai, da littafin Fiore dei Liberi na Italiya wajen 1409, da na Joachim Meyer na 1570. Littattafan sun daɗe a ajiye babu mai aiki da su. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu 'yan Ingila irin su Alfred Hutton suka gwada farfaɗo da su, amma sai a shekarun 1990, da intanet ta ba mutane damar musayar hotunan shafukan da fassararsu, abin ya bazu. Yau ana taƙaita sunan wannan fanni da HEMA, yana da makarantu da gasa a ƙasashe da dama.

Mai wannan wasa ba ya rabuwa da tara takubba, kuma akwai dalili. Yana buƙatar dakusasshe mai lanƙwasuwa don karawa da abokinsa ba tare da rauni ba. Yana buƙatar mai kaifi don gwada sara a kan naɗaɗɗiyar tabarma. In hali ya yi, yana so ya taɓa tsoho na asali, saboda zane a takarda ba ya gaya maka nauyi. An daɗe ana yaɗa cewa takubban barden Turai sai ƙato ke iya ɗaga su. Da masu tarawa suka ɗora su a sikeli sai aka ga na hannu ɗaya yawanci tsakanin kilo ɗaya da ɗaya da rabi suke. Ewart Oakeshott, wanda sana'arsa zane ce ba koyarwa a jami'a ba, ya shafe rayuwarsa yana tarawa da aunawa, har ya fitar da tsarin rarrabe takubba a littattafansa na 1960 da 1964, tsarin da gidajen tarihi ke amfani da shi har gobe. A hannun irin waɗannan mutane takobi shaida ne da ake yi wa tambaya. Littafi ya faɗi motsi, ƙarfe ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Mu kuwa lamarinmu a juye yake. Malamanmu sun rubuta tarihin yaƙoƙin, kamar yadda Bello ya yi a Infaƙul Maisuri, amma abin da suka kula da shi shi ne dalilin yaƙi da hukuncinsa da sakamakonsa. Yadda ake ɗaga hannu da aje ƙafa an bar shi a jikin mutane, mutanen kuwa sun tafi. Waɗanda suka ga Giginya da idonsu sun kai har shekarun 1950, kuma wani jami'in mulkin mallaka, D. J. M. Muffett, ya ji ta bakin wasu tsofaffin da suka ga yaƙoƙin 1903, ya sa a littafinsa na 1964. A wannan shekarar ce kuma A. D. H. Bivar ya wallafa bincikensa kan makaman fadojin Arewa, sannan Joseph Smaldone ya fitar da nasa kan yaƙi a Daular Sakkwato a 1977. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo: ka gaji aiki mai kyau, yana nan cif, amma wanda ya gina shi ya tafi bai bar bayani ba. Dole ka zauna ka karanci abin da kansa, ka nemi duk wanda ya taɓa aiki da shi.

Kuma akwai sauran masu tunawa. Mahayin da ke jafi a gaban sarki yana riƙe da wani abu na sarrafa doki da makami a guje. 'Yan takkai suna haɗa sanduna bisa ƙa'ida da lokaci. Makiyaya sun san sanda, 'yan tauri da mafarauta suna da nasu sanin ƙarfe, Abzinawa kuma har yanzu suna rataya takobi irin wannan. Ba za mu ce ɗaya daga cikinsu shi ne ainihin faɗan barden Wurno ba, kuma duk wanda ya haɗa motsin da ya gani a fim ya ce na kakanni ne ya cuci tarihi. Amma ɓurɓushi ne da za a iya ɗauka a bidiyo da wayar da ke hannunmu, a rubuta sunan garin da ranar da bakin wanda ya faɗa.

Mun san wani zai ce, a wannan hali da gabashin Sakkwato ke ciki, wa ke da lokacin zancen takobi? Mutanen Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni sun ga abin da makami ke yi, harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 bai bar zukata ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba kiran kowa muke ya wasa ƙarfe ba. Sai dai wannan halin ne ya sa abin ya zama na gaggawa. Iyalin da suka gudo da dare ba takobin kaka za su fara ɗauka ba. Wanda ya ɗauko, in yunwa ta matsa, sai ya sayar wa dillali, daga nan ya bi hannu zuwa hannu har ya bayyana a kasuwar gwanjon wata ƙasa da 'yar takarda mai cewa daga Afirka ta Yamma, babu sunan gari balle na mai shi. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma lissafa aikin hannun da aka yi kafin 1918 a cikinsu, amma doka ba ta san abin da ke ƙarƙashin gadon kowa ba.

Abin da za mu iya ba shi da tsada. In akwai tsohon takobi a gidanku, kada a kai shi wurin mai injin wasa wuƙa, domin dutsen zai cinye tambarin da ke faɗin inda aka ƙera shi. Kada a yar da tsohon kube don an ɗinka sabo. A goge shi da tsumma da ɗan mai, a ajiye inda babu laima. A auna tsawonsa da faɗinsa da nauyinsa, a ɗora shi a kan yatsa a ga inda ya daidaita, a ɗauki hoton kowane zane. Sannan a je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidan a tambaye shi: na wane ne, daga wa ya gada, wane yaƙi aka ce ya je? A ajiye muryarsa. Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba, akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Makama a Kano.

In gida ɗari a yankin Rima suka yi haka, za mu sami abin da Oakeshott ya yi shekaru yana nema, tare da abin da shi bai samu ba, wato sunayen masu takubban. Ƙarfe yana da haƙuri, zai iya ƙara shekara ɗari a rataye. Tsohuwar da ta san sunan wanda ya rataya shi ce ba za ta jira mu ba.