Daga Katin Zaɓi Sonka Zuwa Guruf ɗin Aji

Kafin wayar hannu ta iso Birnin Kebbi, saurayin da ke son a san da shi ta rediyo yake bi. Zai sayi katin zaɓi sonka, ya jero sunayen abokai da na wadda yake so, ya aika gidan rediyon Kaduna ko Rima ta Sakkwato, ya yi ta kasa kunne. Ranar da aka karanto sunansa, majalisar unguwa ta samu abin hira. Ta nan mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka riƙa ƙulla zumunci.

A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya, amma layi ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Sai dai ya je wurin mai wayar haya a ƙarƙashin lema a bakin titi, ya biya kuɗin minti, ko ya shiga shagon intanet ya sayi awa guda.

Wadda ta karya wannan shinge ita ce 2go, manhajar Afirka ta Kudu da ta mamaye matasa wajajen 2011. Ƙaramar Nokia ta ishe ta, data kaɗan take ci. A unguwa irin Badariya, yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ga shi yana raba dare da hira da 'yan Kano da Zariya, ana gasar tara taurari. Iyaye sun yi ta faɗa, kuma da gaskiyarsu, domin karatun wasu ya ji jiki.

Daga baya Facebook da WhatsApp suka karɓe fagen, daidai lokacin da ɗalibai ke ƙaruwa a garin: ga Kwalejin Waziri Umaru, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Sanarwar da a da sai an taka zuwa jikin allo, yanzu shugaban aji ke jefa ta a guruf, tare da takardun malami da jadawalin jarrabawa. Da aka rufe makarantu saboda korona a 2020, da yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022, guruf ɗin ne ya riƙe 'yan aji wuri ɗaya. Ɗalibai mata kuwa da dama sun mayar da WhatsApp shago, suna tallar atamfa da turaren wuta daga cikin gida.