Tarihin Cutar da ke Hana Jariri Kashi

Yau labarin wata cuta zan ba ku, wadda ake haihuwar jariri da ita, kashi ya ƙi fita, ciki ya yi ta kumbura.

A shekarar 1886 wani likitan yara ɗan ƙasar Danmak, Harald Hirschsprung, ya tsaya gaban taron likitoci a birnin Berlin ya ba da bayanin wasu jarirai biyu da suka rasu. Da aka duba cikinsu sai aka tarar babban hanjinsu ya kumbura ƙwarai. Sunansa aka laƙaba wa cutar har yau.

To, shekara kusan sittin likitoci suna ɗora laifin a kan wurin da ya kumbura. Wasu ma shi suke yankewa, amma yara ba su warke ba. Ashe matsalar tana can ƙasa, kusa da dubura, inda hanjin ya tsuke. Wurin nan ba shi da 'yan jijiyoyin da ke sa hanji ya motsa ya tura kashi. Kin ga kwata idan ta toshe, ai baya ruwa ke taruwa.

A 1948 likita Orvar Swenson na birnin Boston a Amurka ya yanke wurin da ba ya motsi, ya jawo lafiyayyen hanjin ya haɗa da dubura. Yara suka fara rayuwa. A 1998 kuma likitoci a Meziko suka nuna ana iya yin aikin ta dubura, ba sai an tsaga ciki ba.

Cutar takan sami jariri 1 cikin 5,000, kuma ta fi kama maza. Amma 'yar uwa, kafin likita ya gani, ke ce za ki fara gani, ke da ungozoma da mai yi miki wankan jego. Idan jariri ya kwana biyu bai yi baƙin kashin nan na farko mai danƙo ba, ko cikinsa ya kumbura, ko yana amai kore, kada a ɗura masa jiƙo, kada a ce sai bayan suna. Ki faɗa wa maigida a tafi asibiti a ranar.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.