Leshi: asalin kalmar da ma'anoninta a Ingilishi

Kalmar leshi da ake ji a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai aro ce daga kalmar Ingilishi lace, wadda ake furtawa "les". A Hausa ma'anarta ɗaya ce: yadin ado mai huji-huji da ake sawa cikin lefe, ake kuma ɗinkawa don biki, suna ko salla. A Ingilishi kuwa ma'anoninta sun fi haka yawa, kuma ta yadi ba ita ce ta farko ba.

Asalin kalmar

Tushenta kalmar Latin ce, laqueus, wato zargen igiya da ake ɗana wa dabba. Daga nan ta koma laz a tsohon Faransanci. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, kalmominsa masu yawa suka shiga Ingilishi. Lace na cikinsu, kuma tun ƙarni na 13 ake samun ta a rubuce da ma'anar igiya. Kalmar lasso, igiyar da makiyayan Amurka ke jefa wa saniya ko doki a wuya, ita ma daga wannan tushe take, amma ta biyo ta harshen Sifaniya.

Ma'anoninta a yau

Ma'anar igiya ba ta ɓace ba: shoelace igiyar takalmi ce, necklace kuma sarƙar wuya. Idan kalmar ta zo a matsayin aikatau, tana nufin ɗaure takalmi ko riga da igiya. Akwai wata ma'anar da ya kamata mai karanta labarai ya kiyaye. Idan aka ce abin sha ko abinci an yi masa laced, to an zuba masa wani abu ne kaɗan, kamar barasa, ƙwaya ko guba, sau da yawa ba da sanin mai sha ba. Mutumin da aka kira strait-laced kuwa mai tsananin ra'ayi ne kan ɗabi'a. An ɗauko siffar daga rigar matan Turai ta dā, wadda ake tamke ta da igiya.

Yadda igiya ta zama yadi

A ƙarni na 16 kalmar ta fara nufin saƙar zare mai huji-huji. A Benis ta Italiya da allura ake yin ta, a yankin Flanda na Beljiyam ta yau kuwa da ƴan sanduna masu naɗin zare. Aikin hannu ne mai cin lokaci, shi ya sa sai sarakuna da attajirai ke iya saye. Inji ne ya karya farashin: John Heathcoat ya ƙera nasa a Ingila wajajen 1809, John Levers ya inganta shi a Nottingham a 1813, daga baya sana'ar ta tsallaka zuwa Calais ta Faransa.

Leshin Afirka ta Yamma

Yawancin abin da ake kira leshi a Nijar da Najeriya ba irin waccan saƙar ba ne. Yadi ne da inji ya yi wa surfani, ya huda shi. Garin Lustenau na Ostiriya, da ke bakin iyakar Suwizalan, ya shahara da wannan aiki, kuma tun shekarun 1960 masana'antunsa ke cinikinsa da ƴan kasuwar Legas. Garin St. Gallen na Suwizalan shi ma tsohuwar cibiyar surfani ce. A yau leshi mai sauƙin kuɗi daga Sin ya cika kasuwa.

Inda ake ruɗewa da Faransanci

Wanda ya yi karatun Faransanci zai iya ɗauka lacet ita ce leshi, tunda tushensu ɗaya. Lacet igiyar takalmi ce, ba yadi ba. Sunan yadin a Faransanci dentelle ne, daga dent, wato haƙori, saboda bakinsa mai kama da jerin haƙora. Don haka mai odar kaya daga Kano ko Legas lace zai rubuta, mai yi daga Kwatano ko Lome kuwa dentelle zai nema.