Maganaɗisun 'yan kuza a Rayfield

Tafkunan Rayfield tsofaffin ramukan kuza ne, tun zamanin kamfanin haƙar kuza na ATMN. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a sana'ar shi ne injin tace ƙasa. Kuza da kwalambait baƙaƙe ne, nauyinsu kusan ɗaya, wanki da ruwa ba ya raba su. Maganaɗisu ke raba su: yana jan kwalambait a hankali, kuza kuwa ko gezau.

Ƙarfin jan nan daga ina yake? Masanan da sun ɗauka yana zaune ne a kawuna biyu na ƙarfen maganaɗisun. A 1820 Oersted, ɗan ƙasar Denmak, ya ga allurar kamfas ta juya kusa da wayar da lantarki ke bi. Ampere na Faransa ya ce ai gudun lantarkin ne tushe. Ni ina bayan Ampere, domin injin da kansa shaida ne: waya ce aka nannaɗe a jikin ƙarfe, in wuta ta ɗauke, baƙin yashin da ya manne sai ya zube.

Shi ya sa wutar NESCO, kamfanin da aka kafa a 1929 mai tasha a Kurra, ta zama jigo. Da kwalambait ya yi tsada a shekarun 1950, har tsohon jibjin da aka zubar aka koma ana tacewa.