Sabulu da Dandali: Zaman Ɗalibai a Midil ta Kano

Wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a yau, da tulin makarantun da ke cikinsu, zai yi wuya ya yarda cewa a tsakiyar ƙarni na ashirin wuraren nan ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa. Ko da yake a Nassarawa, maƙwabciyarsu, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko ta farko a Kano cikin 1909, yaron da ya gama Elementare a wancan zamani, in har an zaɓe shi ya wuce gaba, to Midil ta Kano za a kai shi. Ita ce makarantar da ake ƙirga tarihinta daga 1927, ta yi zama a Gidan Makama, ta zama Sakandaren Lardi a shekarun 1950, yau kuwa ita ce Kwalejin Rumfa. Nufina a nan shi ne mu duba irin zaman da ɗalibanta suka yi da junansu bayan an tashi daga aji, domin a ganina a can ne aka yi karatun da ya fi tasiri.

Da farko ya kamata mai karatu ya san dalilin kafa Midil. Makaranta ce ta En'e, ita ke ciyar da yara, ta tufasar da su, ta ba su wurin kwana. Abin da take bukata kuwa bai wuce malaman ofis da na haraji da na asibiti da na makaranta ba, watau masu jin Turanci da lissafi waɗanda ba za su ɗaga kai su dubi na gaba da su ba. Iyaye da yawa ba su so, har akan ce wasu masu sarauta 'ya'yan barorinsu suke turawa a maimakon nasu. 'Yan mata kuwa ba a maganarsu a nan. Ɗan abin da aka fara yi musu a Kano cikin 1930 daban yake, kuma bai taka kara ya karya ba.

To, amma wanda ya tara yara daga gundumomi daban-daban a ɗakin kwana ɗaya, ya haɗa abin da bai yi niyya ba. Ɗan alƙali da ɗan hakimi da ɗan talaka tuwo ɗaya suke ci, ƙararrawa ɗaya ke tashinsu, bulala ɗaya ke hawa kansu. A filin ƙwallo ba a tambayar ɗan wane ne kai kafin a ƙwace maka tamaula. Ga fareti da guje-guje na Ranar Daular Ingila, 24 ga watan Mayu, ga sikawut, ga manyan ɗalibai da aka ɗora a kan ƙanana su yi ta mulki. Duk waɗannan Turawa sun kawo su ne don koyar da biyayya, sai ga shi sun koya wa yaran yadda ake haɗa kai.

Alal misali, Malam Aminu Kano ya shiga Midil a 1933. Yana cikinta ya jagoranci wani bore wanda masu rubuta tarihinsa ke lissafawa cikin na farko-farko da ɗalibai suka yi a Nijeriya. A kan me? A kan ƙarancin sabulu, da rashin kyawun abinci, da tsananin dokoki. Wani zai yi dariya ya ce sabulu kawai? Amma a tuna, sabulun nan daga baitulmalin En'e yake fitowa. Yaron da ya tambayi inda sabulunsa ya maƙale, bai yi nisa da tambayar inda harajin ubansa ya shiga ba.

Inda abin ya fi armashi, mu da muke nazarin Hausa, shi ne wasan kwaikwayo. Bahaushe ya san wasan tashe da wasan gauta tun kafin zuwan Turawa, ya kuma san cewa a cikin wasa akan faɗa wa babba abin da ba a iya faɗa masa a zaure. Abin da makaranta ta ƙara shi ne dandali da rubutu da masu kallo a zaune. Littafin wasanni shida na Dokta R. M. East na shekarun 1930 don makarantu aka yi shi, kuma wasanni ne marasa haƙori. Da Malam Aminu ya wuce Kwalejin Kaduna, sai ya shiga rubuta nasa gajerun wasanni don 'yan makaranta, wajen 1939 zuwa 1941. A cikinsu akwai Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, wanda ya tona yadda 'yan kasuwar birni ke cutar mutumin ƙauye, da Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya taɓo zaluncin da ake yi wajen karɓar haraji. Ba a buga su ba, a bakin ɗalibai suka rayu, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce ga adabinmu. Sai dai ka duba lamarin da kyau: ɗalibin da En'e ke ciyarwa ya naɗa rawani, ya hau dandali, ya kwaikwayi mai karɓar haraji, jama'a na ta kyakyata dariya. Wa zai kama shi? Ai wasa yake yi.

Cikin yaran da ke Midil a farkon shekarun 1940 akwai Yusuf Maitama Sule. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna ya dawo tsohuwar makarantarsa yana koyarwa, ya tara ɗalibai ya kafa ƙungiyar wasa. A 1948 suka yi Sarkin Ɓarayi Nomau, Sarkin Kano Abdullahi Bayero da kansa yana cikin masu kallo. Mutanen da suka ji Ɗanmasanin Kano yana magana a Majalisa a Ikko, ko a Majalisar Ɗinkin Duniya, sukan ce baiwa ce. Lalle baiwa ce, amma an wasa ta a gaban yara 'yan Midil, waɗanda ba sa ɓoye hamma in magana ta gundure su.

Kada a ɗauka cewa duk wanda ya kwana a ɗakunan nan ɗan tawaye ya fito. Ado Bayero ya yi Midil a shekarun 1940, ya hau gadon Dabo a 1963. Murtala Muhammad ya bi ta nan kafin ya tafi Zariya, Sani Abacha kuma ya shige ta a 1957, bayan ta zama Sakandaren Lardi. Mafi yawan sauran sun zama ma'aikatan da aka shirya su zama, sun yi ritaya lafiya. Shi kansa Maitama, wanda yana cikin mutum takwas da suka kafa NEPU ran 8 ga Agusta 1950, bai daɗe ba ya koma NPC, jam'iyyar da sarakuna ke goyon baya. Malam Aminu ne ya ajiye alli a ƙarshen shekarar nan ta 1950, ya rungumi NEPU har ya zama shugabanta a 1953. Babban asibitin koyarwa da aka kafa a 1988, wanda ke kan hanyar Zariya, nan Gyaɗi-Gyaɗi, sunan jagoran boren sabulun nan yake ɗauke da shi.