Gyaran Aikin Lissafi a Makarantun Nippur

Al'adar duba aikin ɗalibi a nuna masa inda ya kauce ta daɗe tare da ilimin lissafi. Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidunta tana birnin Nippur, a kudancin ƙasar Iraki ta yau. A shekarun 1951 da 1952 masu tonon kayan tarihi daga jami'o'in Chicago da Pennsylvania suka tono wani ƙaramin gida a can, suka sami gutsattsarin allunan yumɓu fiye da 1,400, mafi yawansu aikin 'yan makaranta. An yi karatu a gidan wajen shekara ta 1740 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a zamanin Samsu-iluna, ɗan Hammurabi sarkin Babila.

Irin wannan makaranta ana kiranta eduba da harshen Sumer, wato gidan allo. Babban malami shi ne ummia, kuma rubuce-rubucen lokacin sun ambaci wani mataimaki da ɗalibai ke kira babban wa, mai shirya musu allo da duba abin da suka rubuta. Yara kan fara da koyon danna alƙalamin kara a kan ɗanyen yumɓu, su wuce zuwa sunayen mutane da jerin kalmomi. Daga nan sai ma'aunai: na hatsi, na nauyi, na fili da na tsawo. Bayan su ne jadawalin sau ke zuwa, kusan guda arba'in, ana haddace su bi da bi daga manyan lambobi zuwa ƙanana. Lissafin nasu bisa sittin yake, kuma shi ne asalin minti sittin da ke cikin awa ɗaya.

Allon da aka fi samu a matakin farko shi ke nuna yadda gyara ke gudana. Akan raba fuskarsa gida biyu. A hagu malami ya rubuta darasin ranar da hannunsa, misali jadawalin sau guda ɗaya. A dama ɗalibi ya kwaikwaya. Idan ya gama sai a gwada nasa da na malam layi da layi, a shafe, ya sake. Yumɓu na ɗan raguwa a kowace shafa, shi ya sa gefen ɗalibi a alluna da yawa ya fi na malam sirantaka, a wasu ma ya karye. Wannan ramin da ke jikin allo shi ne alamar yawan maimaicin da yaro ya yi kafin hannunsa ya faɗa.

Bayan allon kuma na tilawa ne. A nan ɗalibi ke rubuta doguwar jera daga darussan da ya riga ya wuce, ba tare da rubutun malam a gefe ba. Wanda ya san tsarin makarantar allo a ƙasar Hausa, inda ba a wanke allo sai karatu ya zauna, zai gane hikimar. Sabon darasi yana gaba, tsoho yana baya, don haka kuskuren da ya ɓuya a karatun makon jiya yakan fito fili kafin a ɗora wani abu a kansa. Masana irin su Eleanor Robson sun yi amfani da wannan haɗin gaba da baya wajen gano jerin darussan makarantar.

Mataki mafi muhimmanci shi ne inda ake koya wa ɗalibi duba aikinsa da kansa. Mutanen Babila ba sa yin rabawa kai tsaye. Kowace lamba da ta dace tana da abokiya, wadda idan aka ninka su biyun za a sami sittin ko sittin sau sittin, har gaba. Abokiyar 2 ita ce 30, ta 3 ita ce 20, ta 4 kuma 15. Mai son raba abu gida huɗu sai ya ninka shi da 15, wato 15 cikin sittin. Ƙananan abokai ana haddace su, manyan kuwa sai an lissafo. Akwai alluna da ke nuna an nemo abokiyar 2 05, wato sittin biyu da biyar, aka sami 28 48, sannan aka juya aka nemo abokiyar 28 48. Idan amsa ta komo 2 05, aiki ya yi daidai. Idan ba ta komo ba, ɗalibi ya san akwai ɓaraka tun kafin malam ya gani, sai ya bi sawun lissafinsa ya nemo ta. Wannan dabara na da amfani ƙwarai a wancan zamani, domin rubutun lambobinsu ba shi da alamar sifiri, kuma tsallake gurbi ɗaya na iya lalata amsa gaba ɗaya.

Gyara ba ya rasa tsanani. Wani labarin Sumer da Samuel Noah Kramer ya fassara a 1949 ya kawo yaron da ya sha bulala sau da dama a yini guda, har da laifin munin rubutu, sai da mahaifinsa ya gayyaci malamin gida ya karrama shi. Labari ne na adabi, amma ya nuna matsayin da kyawun aiki ke da shi, domin waɗannan yara su ne za su riƙe lissafin hatsi, gonaki da ladan ma'aikata a fada da gidajen bauta.

Ba a yi allunan don a adana ba. An sami akwatunan jiƙa yumɓu a gidan, inda ake mayar da tsohon allo laka a sake sabo. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka yi ciko da su a bango da daɓen gidan. Ta dalilin haka ne aikin ɗalibai, da kurakuransu da shafe-shafensu, ya kai ga masu bincike bayan shekaru kusan 3,700.